Zazzaɓi: Yadda yake tasowa a jiki da cututtukan da ke haddasa shi

A wannan makon za mu duba zazzaɓi, baƙon da babu gidan da bai san shi ba. Saboda yawan sabo da shi, da zarar jikin yaro ko babba ya ɗau zafi sai a ce maleriya ce, a aika kemis a sayo magani. In an yi kwana uku babu sauƙi, sai a ce to lallai taifot ce, a sake komawa. Wannan ɗabi'a tana jawo asarar kuɗi, wani lokaci har da asarar rai, domin zazzaɓi alama ce kawai, cututtukan da ke kawo shi kuwa suna da yawa, kowace da nata magani. Hausawa na cewa jiki magayi. To me jikin yake gaya mana idan ya yi zafi?

Mene ne zazzaɓi?

Zafin jikin mai lafiya yana tsayawa ne a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ko ana sanyin hunturu ko ana zafin bazara. Yakan ɗan sauka da asuba, ya ɗan hau da yamma. Idan ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 ko sama da haka, an samu zazzaɓi. In a hammata aka auna, digiri 37.5 ma ya isa a fara lura, domin awon hammata yakan nuna ƙasa da ainihin zafin da ke ciki.

Taɓa goshi da bayan hannu yana iya nuna muku cewa jiki ya yi zafi, amma ba zai faɗa muku ko nawa ne ba. Don haka yana da kyau kowane gida mai ƙananan yara ya mallaki ma'aunin zafin jiki mai batir. Ana samunsa a shagunan magani, kuma guda ɗaya yakan yi shekaru yana aiki.

Yadda yake tasowa a cikin jiki

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira haifotalamas. Shi ne mai kula da zafin jiki. Aikinsa ya yi kama da na maɓallin dutsen guga na lantarki: inda aka saita shi, nan zafi zai tsaya. A jikin mai lafiya an saita shi a wajen digiri 37. Idan zafi ya haura haka, sai ya sa a yi gumi. Idan ya yi ƙasa, sai ya sa jiki ya samar da ƙarin zafi.

To idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, ko bakteriya ce, ko bairos, ko ƙwayar maleriya, fararen ƙwayoyin jini ne ke fara tarar ta, domin su ne sojojin garkuwar jiki. Suna cikin wannan artabu sai su saki wasu sinadarai a cikin jini, waɗanda aikinsu kai saƙo. Idan saƙon ya isa ƙwaƙwalwa, sai a samar da wani sinadari mai suna furostagilandin. Shi ne ke murɗa maɓallin nan daga 37 zuwa 39, ko ma 40.

Daga nan sai abubuwa su biyo baya mataki-mataki, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya ga matakan nan da idonsa.

Na farko, jin sanyi. Ƙwaƙwalwa tana neman 39, jiki kuma yana 37, don haka a wurinta jikin ya yi sanyi. Sai ta matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke fata don kada zafi ya fita, shi ya sa za ku ji hannu da ƙafar majinyaci sun yi sanyi alhali cikinsa na ɗumama. Sai kuma ta sa tsokar jiki karkarwa, domin motsin tsoka yana haifar da zafi. Wannan ita ce rawar ɗari, lokacin da mutum ke neman bargo da tsakar rana.

Na biyu, zafin kansa. Idan jiki ya kai inda aka saita, karkarwa ta tsaya, fata ta yi zafi rau ta bushe. Kai na ciwo, gaɓoɓi na ciwo, baki ba ya son abinci. Zuciya tana ƙara saurin bugu, numfashi ma haka, jiki yana ƙona abinci da ruwa fiye da yadda ya saba.

Na uku, gumi. Idan garkuwar jiki ta fara rinjaye, ko aka sha maganin rage zafi, maɓallin ya koma 37. Yanzu kuma a wurin ƙwaƙwalwa jikin ya yi zafi da yawa, sai ta buɗe jijiyoyin fata, gumi ya keto, majinyaci ya ture bargo. A nan ne muke cewa zazzaɓi ya sauka.

Ku lura da wannan sosai: farasitamol da ibufurofen suna rage samar da sinadarin nan ne da ke murɗa maɓalli. Ba sa taɓa ƙwayar cutar ko kaɗan. Shi ya sa bayan awa huɗu zuwa shida zafin ke dawowa. Saukar zazzaɓi bayan shan farasitamol ba ya nufin an warke.

Shin zazzaɓi na da amfani?

Yana da shi. Ƙwayoyin cuta da dama ba sa yaɗuwa da sauri idan jiki ya yi zafi, fararen ƙwayoyin jini kuma sun fi kuzari a lokacin. Kafin a samu magungunan kashe bakteriya, wani likita ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Julius Wagner-Jauregg ya riƙa sa wa masu tunjere da ya taɓa ƙwaƙwalwa ƙwayar maleriya da gangan, don zafin zazzaɓin ya kashe cutar, har ya samu kyautar Nobel a 1927. An daɗe da barin wannan hanya saboda haɗarinta, amma ta nuna cewa zazzaɓi makami ne na jiki.

Sai dai makamin yana da tsada. Yana busar da ruwan jiki, yana gajiyar da zuciya, yana hana ci. Jarirai, tsofaffi, masu ciki da masu ciwon zuciya su ne suka fi jigata. Abin da ya fi zafin muhimmanci shi ne gano abin da ya kawo shi, domin ruwa ba ya tsami banza.

Zazzaɓin cizon sauro

Macen sauro nau'in anofilis ce ke ɗaukar ƙwayar maleriya. Idan ta ciji mutum, ƙwayar takan wuce hanta ta yi kamar mako guda tana hayayyafa ba tare da wata alama ba. Daga nan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta ci gaba da yaɗuwa har su fashe. Fashewar nan ce ke tayar da garkuwar jiki, a samu rawar ɗari da zafi da gumi, kuma ita ce ke jawo ƙarancin jini. Alamomi sukan bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an samu masu maleriya miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Najeriya kaɗai ta ɗauki sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar, da kusan kashi 31 cikin 100 na mace-macen, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi yawa a ciki.

Amma yawan cutar ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano ƙwayar maleriya a jinin kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi, a Legas kuwa kashi 2 kacal. Ma'ana, idan kuna zaune a Agege ko Idi-Araba yaronku ya yi zazzaɓi, kada ku yanke cewa maleriya ce sai an gwada. Idan kuma kun je gida hutun Sallah ko biki da damina, yaro ya yi zazzaɓi mako ɗaya ko biyu bayan dawowa, ku gaya wa likita inda kuka je.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin gaggawa na ɗigon jini daga yatsa bai wuce minti 20 ba. Idan ya nuna akwai, magani mai haɗin atemisinin ake sha na kwana uku, kuma a shanye shi duka ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. Kulorokwin ya daina aiki yadda ya kamata a ƙasar nan, shi ya sa aka sauya shi tun 2005. A watan Disamban 2024 kuma aka fara yi wa yara allurar rigakafin maleriya a jihohin Kebbi da Bayelsa, amma ba ta maye gurbin kwana a gidan sauro mai magani ba.

Zazzaɓin taifot

Wata bakteriya ce ke kawo shi, wadda ke shiga ciki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Zazzaɓinsa yakan hau a hankali, kullum yana ƙaruwa har tsawon mako guda, ga ciwon kai, ciwon ciki, kasala, gudawa ko kuma taurin bayan gida. Idan aka yi sakaci har mako na uku, hanji na iya hujewa, sai an yi tiyata.

Matsalar da muke da ita ita ce gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896. Yakan nuna akwai taifot ga wanda ya taɓa yin ta a baya, ko mai wata cutar daban, har da mai maleriya. Shi ya sa kusan kowa ya je ɗakin gwaji sai ya dawo da sakamakon "maleriya da taifot". Gwajin da ya fi inganci shi ne wanda ake ɗibar jini a raini ƙwayar cutar na 'yan kwanaki. Shan maganin kashe bakteriya barkatai a kan sakamakon Widal kaɗai yana sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Mura, ciwon maƙogwaro, kunne da huhu

Mafi yawan zazzaɓin da yara ke yi tare da yoyon hanci, atishawa da ɗan tari, bairos ne ke kawo shi, kuma yakan wuce da kansa cikin 'yan kwanaki. Maganin kashe bakteriya ba ya yi wa bairos komai. Amma idan yaro yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ana zargin nimoniya, wato ciwon huhu, kuma wannan na asibiti ne a ranar. Yaron da ke jan kunne yana kuka, a duba masa kunne. Wanda ke da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu mai kauri a maƙoshi, a yi zargin mashaƙo, cutar da ta ɓarke tun ƙarshen 2022 ta fi yin ɓarna a Kano, akasari a kan yaran da ba a yi musu rigakafi ba.

Zazzaɓin Lassa

An fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno. Wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi a kan hatsi, gari da kwanuka. Ana kuma ɗauka daga jini ko ruwan jikin majinyaci. Ya fi tashi da rani, kuma jihohin Ondo, Edo, Bauchi, Taraba da Ebonyi na cikin waɗanda suka fi fama da shi. Farkonsa kamar maleriya yake, shi ya sa ake makara. Idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ga ciwon maƙogwaro, amai, ciwon ƙirji, daga baya kumburin fuska ko zubar jini, a garzaya asibiti. Maganinsa ya fi aiki idan an fara da wuri. Direbobi da fatake masu zirga-zirga tsakanin Arewa da Kudu su riƙa faɗa wa likita garuruwan da suka bi cikin mako uku da suka wuce. Ana iya kiran Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa kyauta a lamba 6232.

Sanƙarau, ƙyanda da shawara

Sanƙarau kumburin rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne. Yana zuwa da zazzaɓi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai da ƙin haske. A jariri, maɗiga takan kumbura. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ya fi yaɗuwa lokacin zafi da ƙura a ɗakunan da ke da cunkoso. Annobar 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000.

Ƙyanda tana farawa da zazzaɓi mai zafi, tari, mura da jan ido, bayan kwana uku zuwa huɗu ƙuraje su feso daga fuska su gangara jiki. Ɓoye yaro a ɗaki ana jiran ta gama fitowa yana iya jawo makanta ko ciwon huhu. Ana rigakafinta a wata 9 da wata 15.

Zazzaɓin shawara kuwa wani sauro ne mai cizo da rana ke yaɗa shi, yana taɓa hanta har ido ya yi rawaya. Ya sake ɓulla a ƙasar nan a 2017 daga Jihar Kwara. Allura ɗaya tana kare mutum har ƙarshen rayuwa.

Sauran dalilai

Zazzaɓin yamma da ya daɗe, tare da tarin da ya kai mako biyu, gumin dare da rama, alamar tarin fuka ne. Gwaji da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ciwon sanyin mafitsara yana kawo zazzaɓi da zafin fitsari da ciwon kwiɓi, musamman ga mata. Maruru, gyambo da ruɓewar haƙori ma suna kawowa. Mai jego da ta yi zazzaɓi tare da ciwon mara ko fitar ruwa mai wari, kada a ce gajiyar haihuwa ce ko ruwan nono ne ke zuwa, mahaifa ce ta iya kamuwa. Akwai kuma zazzaɓin da ba ƙwayar cuta ta kawo shi ba, kamar na wasu nau'o'in ciwon daji, cututtukan gaɓoɓi da wasu magunguna. Ɗan zafin jikin da ke biyo bayan allurar rigakafi yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Uwargida, ki kula da batun haƙori. Fitowar haƙori na iya sa yaro rigima da dalalar miyau, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa. Shekarun fitar haƙori su ne kuma lokacin da kariyar da yaro ya samo daga uwa ke raguwa, yana rarrafe yana kai komai baki. A guji magungunan da ake kira na haƙori. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani gurɓataccen maganin haƙori ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan.

Idan yaro ya yi jijjiga

Wasu yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 sukan yi jijjiga idan zafi ya hau. Abin yana da ban tsoro, amma yawanci yakan tsaya cikin 'yan mintuna. A kwantar da yaron a gefensa a wuri mai laushi, a sassauta masa tufafi. Kada a tura masa cokali ko yatsa a baki. Kada a ɗura masa ruwa, manja ko jiƙo, domin zai iya shaƙewa. Kada a kai ƙafarsa kusa da wuta, kada a tura masa hayaƙi. Idan jijjigar ta kai minti biyar, a tafi asibiti nan take. Ko ta tsaya da wuri ma a kai shi, don maleriya mai tsanani da sanƙarau su ma suna zuwa da jijjiga.

Abin da za ku yi a gida

A auna zafin, a rubuta lokaci da lambar da aka gani. A yawaita ba da ruwa, kunu, romo, ko ruwan gishiri da sukari na leda idan akwai amai ko gudawa. Mai shayarwa ta ƙara yawan ba da nono. A rage tufafi masu nauyi, a bar iska ta shiga ɗaki. Idan za a goge jiki, a yi da ruwa mai ɗan ɗumi. Ruwan sanyi ko ƙanƙara yana matse jijiyoyin fata ya tayar da karkarwa, zafin ciki ya ƙaru.

Farasitamol na yara ana auna shi ne da nauyin yaro, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Babba kada ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma a duba magungunan mura domin da yawansu akwai farasitamol a ciki. Yawansa yana lalata hanta. Kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Mai gyambon ciki, mai ciki, da wanda ruwan jikinsa ya ƙare su guji ibufurofen sai da izinin likita.

Lokacin da ba a jira

A tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, ko da tsakar dare ne:

Idan jariri ɗan ƙasa da wata uku ya yi zazzaɓi, komai ƙanƙantarsa.

Idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi.

Idan akwai jijjiga, sambatu, yawan barcin da ba a iya tayarwa, ko sanƙarewar wuya.

Idan numfashi ya yi wuya, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko ido ya yi rawaya.

Idan fitsari ya ragu sosai ko ya yi baƙi, ko jini na fita ta hanci, dasashi ko bayan gida.

Idan majinyacin mai ciki ce, mai jego, mai sikila, mai ciwon sukari ko tsoho.

Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, a je a yi gwajin maleriya cikin awa 24 da fara zazzaɓin. In an sha magani kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, a koma wurin likita da kwalayen duk magungunan da aka sha.

Maigida, wani ɓangare na wannan aiki naka ne. Ka ba da izini tun yanzu cewa idan irin waɗannan alamomi suka bayyana kana kasuwa ko kana kan hanya, a wuce da yaro asibiti ba sai an jira dawowarka ba, ka kuma ajiye ɗan abin mota a gida saboda haka. A kwana cikin gidan sauro, a tafasa ko a tace ruwan sha, a rufe abinci daga ɓeraye, a wanke hannu da sabulu, a kuma cika katin rigakafin yara. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.